Daga Bakin Gulbi Zuwa Shagari: Yinin Baƙo a Hanyar Kudu

A wani hutun ƙarshen shekara da ya gabata, wani tsohon abokin karatuna, mutumin Zariya, ya sauka wurina a Sakkwato tare da iyalinsa, da niyyar su yi mako guda. Kwana biyun farko a cikin gari muka ƙare su. A rana ta uku, da yake aiki ya riƙe ni, sai na haɗa su da wani direban haya, na ce ya kai su Boɗinga da Sifawa. Ko azahar ba ta yi ba sai ga su sun dawo. Da na tambayi dalili, sai abokina ya ce ai direban ne ya ce masa, “Alhaji, babu komai can sai tasha da kasuwa, kada ku ɓata manku a banza.” Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da na bincika, ashe direban nan ɗan ƙasarmu ne, a can aka binne cibiyarsa. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, domin abin da ba a gaya wa mutum ba, ba shi da yadda zai gaya wa wani. Wannan ne ya sa da aka nemi in rubuta wani abu a fitowar bana, na zaɓi in bi hanyar nan da alƙalami, tun daga bakin gulbi har Shagari, in nuna wa mai karatu abin da yake kwance a gefenta.

Sakkwato birnin gulbi ce, ko da yake wanda ya shigo ta hanyar Gusau yana iya kwana uku bai ga ruwa ba. Muhammadu Bello ne ya kafa ta a 1809, bisa tudu mai kallon fadama, kusa da inda Gulbin Rima da ya gangaro daga ƙasar Gobir yake haɗuwa da Gulbin Sakkwato da ya biyo ta Gusau. Tudun ya ba da tsaro, fadamar kuma ta ba da abinci da ciyawar dawaki ko da rani. Daga nan ruwan ya nausa Argungu da Birnin Kabi har ya faɗa Kwara. Wanda yake son ganin rayuwar gulbin sai ya bi hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sassafe, ya tsaya wajen Kwalkwalawa, ya ga masunta da masu lambun albasa da manoman shinkafa. Gulbin nan kuwa ba kullum yake da sanyin hali ba. Ambaliyar damina ta 2010 ta yanke wannan hanya, har sai da jami'a ta rabu da gari na wani lokaci.

A cikin gari ba sai na tsawaita ba, don kowa ya san inda ake kai baƙo. Akwai Hubbare, inda Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi, yake kwance tun rasuwarsa a ranar 20 ga Afrilu 1817, kuma inda aka binne 'yarsa Nana Asma'u a 1864. Akwai fadar Sarkin Musulmi, da Masallacin Shehu da na Bello, da wuraren tsofaffin ƙofofi irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Taramniya, da Hukumar Tarihi da Al'adu mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu, inda ake ajiye littattafan da aka rubuta da hannu da kayan yaƙi na da. Akwai kuma Giginya, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ta gamu da ta Turawan Ingila a ranar 15 ga Maris 1903. Wanda ya gama da waɗannan, ya leƙa wurin dukawa ya sayi jaka ko takalmi na jar fatar akuyar Sakkwato, ya gama da gari.

Idan aka zo maganar fita yini guda a dawo, yawancin masu yi wa baƙi jagora arewa da yamma suke fuskanta. Su ce Degel, inda Shehu ya yi karantarwa kafin hijira. Su ce Gudu, inda aka yi masa mubaya'a a 1804, da Tabkin Kwatto inda aka gwabza da Yunfa a watan Yuni na wannan shekara. Su ce Wurno, inda Sarkin Musulmi Bello ya rasu a 1837. Su ce Alƙalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Masu son abin da ya girmi jihadi su tafi Surame, birnin Kanta na ƙarni na 16 mai ganuwar duwatsu. Masu son kallo kuwa su jira bikin kamun kifi na Argungu, wanda asalinsa yake komawa ga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Duk waɗannan sun cancanci a je. Amma mai karatu ya lura: wuraren jihadi da aka lissafa, ko dai inda aka fara ne, ko inda aka yi yaƙi, ko inda aka binne shugabanni. Ina aka zauna aka tsara mulkin bayan ƙura ta lafa? Amsar tana kudu da Sakkwato, a hanyar da ta wuce filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba a mota.

Bayan faɗuwar Alƙalawa, Shehu ya bar Gwandu ya dawo Sifawa a wajen 1810, ya zauna a can har 1815, sa'annan ya koma Sakkwato inda ya ƙare shekara biyun da suka rage masa. Ke nan zamansa a Sifawa ya ninka zamansa a Sakkwato har da ɗori. A waɗannan shekaru biyar, ƙasar da ta miƙa daga Kabi har Bauchi da Adamawa, nan ce alƙiblarta ta neman fatawa da umarni. Nan malamai da almajirai suke taruwa, nan manzanni suke sauka. A cikin shekarun ne kuma aka ci gaba da musayar wasiƙu da Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Barno a kan halaccin yaƙar ƙasar da mutanenta suke salla, muhawarar da Bello ya adana a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, wadda har gobe ɗaliban tarihi suke komawa gare ta.

Shehun da ya zauna Sifawa ya riga ya haura shekara hamsin da biyar, kuma matsalar da take gabansa ta sauya. A Degel yana kiran sarakuna ne su gyara. A Sifawa kuwa jama'arsa ce take riƙe da mulki, ga ganima, ga bayi, ga muƙamai, ga masu gaggawar kafirta 'yan'uwansu a kan abin da malamai suka yi saɓani a kai. Littattafan da ya rubuta a wannan zamani, irin su Najmul Ikhwani, sun fi karkata ga sassauci da tunatar da mutane cewa addini sauƙi ne, kuma saɓanin malamai ba dalilin gaba ba ne. A ganina wannan shi ne ɓangaren tarihinsa da muka fi buƙata a yau, shi ne kuma wanda aka fi tsallakewa a makarantu, domin labarin yaƙi ya fi daɗin ji a bakin yara.

A nan Sifawa ne, a 1812, ya raba ɗawainiyar mulki: yamma ya danƙa wa ƙanensa Abdullahi, gabas ya danƙa wa ɗansa Bello, ya ba Sarkin Yaƙi Aliyu Jodi kula da arewa, kudu kuma ya sa ɗansa Buhari da Malam Abdussalami. Wannan rabo shi ne tushen tsarin da ya ɗore kusan shekara casa'in, inda Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi suke kai gaisuwa Sakkwato, Nufe da Ilori kuma suke kaiwa Gwandu. Duk ɗalibin da ya taɓa ganin taswirar daular an raba ta biyu a littafin tarihi, to ya sani a ƙasarmu aka ja wannan layi.

Abdullahi kuwa bai zauna cikin Sifawa ba, sai ya kafa mazauninsa a Boɗinga, kusa da yayansa yadda zai je ya dawo a ƙafa. Mutane sun fi saninsa da Abdullahin Gwandu, wannan kuwa ya sa an manta da shekarun Boɗinga, alhali suna cikin shekarunsa mafi albarka a rubutu. Mutum ne mai tsananin tsoron fitinar mulki. Tun a wajen 1807 ya taɓa barin runduna ya nufi gabas da niyyar kada ya dawo, saboda abin da ya gani na son duniya a cikin jama'a. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami ya karantar da su tafsiri, kana ya komo. A zamansa na Boɗinga ne ya haɗa Tazyinul Waraƙati a 1813, littafin da ya zama ɗaya daga cikin manyan madogaran tarihin jihadi, a wajen 1816 kuma ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961, wanda kuma har yau ake karantawa a zauruka da jami'o'i. Yaro nawa ne a makarantun Boɗinga ya san cewa a zamanin da mai wannan tafsiri yake rubuta shi, garinsu ne mazauninsa?

Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba, amma tarihi ne. Lokacin da Shehu ya rasu a 1817, Abdullahi yana Boɗinga. Riwaya ta nuna cewa da ya iso Sakkwato sai ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofa, sai ya juya, daga baya ya tare a Gwandu. Sanyin da ya shiga tsakanin baffa da ɗa ya ɗauki 'yan shekaru, sai a wajen 1820, da tawayen Kalambaina ta ƙasar Gwandu ya tsananta, Bello ya kawo masa gudummawa, suka gamu, Abdullahi ya yi masa mubaya'a. Ya rasu a Gwandu a 1829. Wanda ya bi hanyar Boɗinga zuwa Sakkwato yana sane da wannan, ba zai gan ta kamar yadda direban nan ya gan ta ba.

Baƙi masu yawon ganin ƙasa ma ba yau suka fara ratsa mu ba. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya zo wurin Bello a 1824 yana tambayar inda Kwara ta nufa, har aka zana masa taswira. Ya dawo karo na biyu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu 1827. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarimu, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna Wurno, sa'annan a watan Mayu 1853 ya taso daga Sakkwato ya biyo ta Boɗinga zuwa Gwandu, inda ya sami kwafen Tarikhus Sudan, littafin tarihin Sanwai da Tambutu. Hanyar da muke ganin ta tasha da kasuwa ce kawai, ita ce ta haɗa manyan biranen daular biyu, ita ce kuma fatake suke bi zuwa kasuwar Jega.

Kafin a wuce gaba, akwai wurin da ya kamata a ratse, ko da yake ba abin da ido zai gani sai fili. Satiru ke nan, kimanin mil 14 kudu da Sakkwato, ba nisa da Danchadi. A farkon 1906 talakawa da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu suka taru a can a ƙarƙashin Malam Isa da wani makahon malami da ya ƙetaro daga ƙasar da Faransa take mulki, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho, suna da'awar bayyanar Mahadi, suka ƙi biyan haraji. Ranar 14 ga Fabrairu rundunar Turawa ta barade ta je kama su, sai aka yi mata kaca-kaca da gatura da fartanyu da kibau; aka kashe Turawa uku, wato Hillary mai riƙon muƙamin Razdan, da mataimakinsa Scott, da Laftanar Blackwood, tare da sojoji fiye da ashirin, aka kuma ƙwace bindiga mai ruwa. Tsakanin wannan rana da dawowar Turawa, mutanen Satiru sun kai hari Danchadi da Dange, saboda haka kakanninmu ba 'yan kallo ba ne a wannan al'amari, wutar ta taɓa su. Ranar 10 ga Maris aka dawo da babbar runduna a ƙarƙashin Manjo Goodwin, da goyon bayan Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu. An ƙiyasta waɗanda aka kashe da kimanin 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, aka kuma la'anci duk wanda zai sake gini a wurin. Kisan ya yi munin da har a Landan sai da ya tayar da magana a Ofishin Mulkin Mallaka, inda Winston Churchill yake ƙaramin minista a lokacin.

Ba na cewa a mai da Satiru wurin shaƙatawa, Allah Ya kiyaye. Ba na kuma cewa a yanke hukunci a kan wanda ya yi daidai, domin a cikin zuriyar waɗanda suke karanta wannan mujalla akwai jikokin ɓangarorin biyu. Amma wurin da mutum dubu biyu suka mutu a yini guda bai kamata a ce ɗan ƙasa ya girma bai taɓa jin sunansa ba, alhali masana a jami'o'in Turai da Amurka sun yi rubuce-rubuce a kansa.

Daga nan sai a komo kan babbar hanya a nufi ƙasar Yabo. Nan ne mazaunin Muhammadu Moyijo, shugaban Fulanin Kabi da ya karɓi jama'ar Shehu bayan Tabkin Kwatto, lokacin da abinci ya yi ƙaranci, suka sauka a Magabci. Daga can aka aika wa sarakunan Hausa takardu. Zuriyarsa ce take riƙe da sarautar Sarkin Kabin Yabo. A makarantar elemantare ta Yabo ne kuma wani yaro ɗan Magajin Shagari ya fara karatun boko a 1931.

Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Allah Ya jiƙansa, an haife shi a Shagari ranar 25 ga Fabrairu 1925. Daga Yabo ya tafi Midil ta Sakkwato, sa'annan Kwalejin Kaduna, ya fito ya zama malamin makaranta, har ya riƙe makarantar Argungu. Ya shiga Majalisar Wakilai ta tarayya a 1954, ya riƙe ma'aikatu da dama, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Turakin Sakkwato a 1962, ya zama zaɓaɓɓen shugaban ƙasa daga 1 ga Oktoba 1979 har soja suka kifar da gwamnatinsa ranar 31 ga Disamba 1983. Wannan duk sananne ne. Abin da ya fi dacewa da mu 'yan ƙungiyar ci gaban gari shi ne abin da ya yi bayan juyin mulkin 1966, lokacin da ya dawo gida ba muƙami: ya zama sakataren asusun raya ilimi na Lardin Sakkwato, asusun da aka tara da gudummawar jama'a aka gina makarantu da shi. Bayan an sake shi daga tsare a 1986 ma, nan Shagari aka mai da shi. Ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamba 2018 yana da shekara 93, aka kawo shi gida aka binne washegari. Shi da kansa ya damu da tarihin da nake magana a kai, domin tare da Jean Boyd ya wallafa littafi a kan shugabancin Shehu Usmanu a 1978. Masu sukar mulkinsa suna da abin faɗa, ba kuma nan ne wurin wannan muhawara ba. Amma ɗan Nijeriya da ya zo daga Legas ko Inugu ya ga garin da shugaban ƙasa ya fito, ya kuma koma ya kwanta, zai tafi da abin tunani. In lokaci ya rage, sai a leƙa madatsar ruwa ta Shagari a ga masu noman rani.

Matsalar wuraren nan namu ita ce ginin ƙasa ba ya jiran kowa. Surame ta tsira domin da dutse aka yi ta. Gidajen Sifawa da Boɗinga kuwa na laka ne, abin da damina ba ta ci ba, faɗaɗar gari ta ci. Abin da ya rage mai ƙarfi shi ne sanin dattawa: wane fili ne na masallaci, wace maƙabarta ce ta almajiran Shehu, wace rijiya ce ta da. Wannan sani kuwa a ƙirjin mutane yake, kuma kowace shekara muna kai wasu daga cikinsu makwanci. Ba sai an jira gwamnati ba kafin a ɗauki muryoyinsu, tunda wayar da take aljihun kowane ɗalibi tana iya yi. Haka nan allo guda mai ɗauke da suna da shekara, da Hausa da ajami da Turanci, a mashigar Sifawa da ta Boɗinga, bai kai kuɗin abincin taronmu na shekara ba. In aka samu matasa biyu ko uku a kowane gari da za su zauna da malamai su koyi labarin yadda ya inganta, ba tare da ƙarin gishiri ba, to baƙo ya sami mai jagora, su kuma sun sami abin sayen sabulu. Direbobin tasha ma a sa su ciki, tunda su ne baƙo yake fara tambaya.

Ga wanda ya yi niyyar wannan tafiya, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin bazara ya sauko. Sai dai dole a faɗi gaskiya: tun wajen 2018 'yan bindiga suka addabi gabashin jihar, daga baya matsalar tsaro ta taɓa yankin Gudu da Tangaza da wasu ƙauyukan kudu, saboda haka wasu daga cikin wuraren da na lissafa a farko, musamman Alƙalawa da Gudu, ba a kama hanyarsu sai an tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a wannan mako. Hanyar kudu ma a yi tambaya, musamman kafin a bar kwalta zuwa Satiru, kuma a nemi izinin hakimi ko maigari kafin a shiga maƙabarta ko a ɗauki hoto. A fita Sakkwato bayan sallar asuba, a yi hantsi a Boɗinga da Sifawa, a yi azahar a Shagari, a kamo hanyar gida da la'asar, yadda magariba za ta riski mutum a cikin gari.